Gwani Mai Tabo, Ya Cancanci Karramawa?

Wannan makon za mu leƙa Amurka, inda wasan besbol yake da farin jini. Wasa ne da ake jefo wa mutum ƙwallo, ya maka mata sanda, sannan ya ruga a guje. A garin Cooperstown na jihar Niyok akwai zauren karrama gwarazan wasan. Marubuta labarin besbol ne ke kaɗa ƙuri'a, kuma sai ɗan wasa ya sami kashi 75 cikin 100 kafin ya shiga. Ƙa'idar zaɓen ta ce a duba bajinta, a kuma duba gaskiya da hali. A nan rigimar take.

Pete Rose ya yi bugu mai nasara sau 4,256, kuma har yau babu wanda ya kamo shi. Amma a 1989 aka kore shi daga wasan saboda caca a kan wasanni lokacin yana kocin Cincinnati Reds. Ya yi ta musu har 2004, sannan ya amsa. Magoya bayansa na cewa ai ƙungiyarsa ya riƙa zuba wa kuɗi ta ci, ina laifi? Laifin a fili yake. Kocin da kuɗinsa ke kan wasan yau zai iya gajiyar da gwanin mai jifansa don ya ci riba, wasan gobe kuwa ko oho. Ɗan kallo ya biya kuɗin tikiti bai san abin da ake ƙullawa ba.

Barry Bonds ma, mai tarihin bugun waje da fili har 762, zargin ƙwayoyin ƙara kuzari ya bi shi. A 2022, damarsa ta ƙarshe a gaban marubutan, kashi 66 ya samu.

A ganina hali iri biyu ne. Mutum ya zama mai girman kai ko baƙar magana, wannan tsakaninsa da jama'a ne, bai rage masa bugu ko ɗaya ba. Wanda ya gurɓata wasan kuwa tamkar ɗalibi ne da aka kama da satar amsa: sakamakon kansa ne ya shiga shakku, kuma kyautar a kan sakamakon ake ba da ita.

Sai dai masu zauren ma ba su fita ba. Cap Anson, wanda ya ƙi buga wasa da baƙar fata a shekarun 1880, yana ciki tun 1939. Wariyar da ya taimaka wajen kafawa ta hana gwanaye baƙaƙe shiga babbar gasa har 1947. In wannan bai gurɓata wasa ba, me zai gurɓata?

Rose ya mutu a 2024 yana da shekara 83. A watan Mayun 2025 shugaban hukumar wasan, Rob Manfred, ya ɗage masa takunkumin, don haka yanzu kwamiti na iya duba sunansa. Da ina cikin kwamitin, zan bar sandarsa da tarihinsa a gidan kayan tarihin zauren, amma ƙuri'ata ba zai samu ba.