Ɗan Wasan Baya Ba Ragowar Zaɓe Ba Ne

Akwai wata magana da ta zauna daram a filayen ƙwallonmu, daga Kakangi har cikin garin Birnin Gwari, kuma ba mai tsayawa ya tambayi gaskiyarta: wai yaron da ya iya ƙwallo gaba ake sa shi, wanda bai iya ba a tura shi baya. In an zo rabon 'yan wasa bayan la'asar, mai gudu da mai yanka ake fara ɗauka. Wanda ya rage, ko ƙarami, ko mai jiki, ko wanda ya zo a makare, sai a ce masa, "Kai, koma baya, duk abin da ya zo ka share." Iyakar karatun da zai samu ke nan. Wannan ra'ayi kuskure ne babba, kuma yana jawo wa yaranmu asarar da ba mu lissafawa.

Mu fara da jiharmu. Celestine Babayaro a Kaduna aka haife shi, lamba uku yake bugawa, kuma shi ya ci wa Najeriya ƙwallon farko a wasan ƙarshe da Ajantina a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Daga 1997 zuwa 2005 yana Chelsea, ƙungiyar da samarinmu ke ɗaga jijiyar wuya a kanta a gidan kallo. Efe Ambrose daga Kaduna United ya tashi. Yana tsakiyar bayan Celtic ranar da suka doke Barcelona ta Messi da ci 2 da 1 a watan Nuwamba na 2012, sannan ya ɗauki kofin Afirka da Najeriya a 2013. Jamilu Collins, shi ma haifaffen Kaduna, ya buga a Jamus da Paderborn, ya wuce Cardiff. Duk ta baya suka bi suka fita duniya. Shin duk waɗannan ragowar zaɓe ne?

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Shehu Abdullahi, mutumin Sakkwato. Yana Kano Pillars a zamanin da take ɗaukar kofin ƙasa a jere, Stephen Keshi ya tafi da shi gasar 'yan wasan gida ta Afirka a 2014. Daga nan sai Kuwait, sai Fotugal, sai Cyprus, sai Bursaspor ta Turkiyya. Ya samo lambar tagulla a Olamfik ta Rio a 2016, ya buga gasar kofin duniya a Rasha a 2018, daga baya ya dawo gida Pillars. To, ku tuna ranar 7 ga Oktoba, 2017, a Uyo. Najeriya ta ci Zambiya ɗaya da nema, ta samu gurbin zuwa Rasha. Kowa ya san Alex Iwobi ne ya zura ƙwallon. Mutum nawa ne za su gaya maka cewa Shehu ne ya taso tun daga baya, ya bi ta gefen dama, ya ajiye masa ita a ƙafa? Mai ci aka ɗauka a kafaɗa. Wanda ya yini yana tare hanya, kuma ya yi ɗawainiyar cin, sunansa bai wuce wannan daren ba a bakin yawancinmu.

Haka labarin Zaidu Sanusi, ɗan Jega ta jihar Kebbi. Ya je Fotugal bai da suna, ya yi zaman ƙaramar ƙungiyar Mirandela, ya hau Santa Clara, FC Porto ta ɗauke shi a 2020. Da yawa daga cikinmu ba su waiwaye shi ba sai ranar 7 ga Mayu, 2022, da ya ci Benfica a gidanta ana dab da tashi, Porto ta tabbatar da kofin ƙasar. Ranar kowa ya yi ta yaɗa hotonsa a Facebook. Na yi murna kamar kowa, amma abin ya dame ni. Shekara biyu yana tare manyan 'yan gaban Turai ba mu ce uffan ba, sai da ya yi aikin lamba tara sau ɗaya muka san da zamansa. Ciwon namu ke nan.

Wanda ke ganin ina son kai ne ya duba gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024. Victor Osimhen, gwarzon Afirka na lokacin, ƙwallo ɗaya ya ci a duk gasar. Amma Najeriya ta kai wasan ƙarshe. Me ya kai ta? A wasa shida kafin na ƙarshen ƙwallo biyu kacal aka zura mata, kuma ta yi wasa huɗu a jere ba a taɓa ragarta ba. Gwarzon gasar baki ɗaya William Troost-Ekong ne, ɗan baya. Zaidu na cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mun gani da idonmu a wasan ƙarshe da bangon ya ɗan saki.

Na san abin da za a ce mini: 'yan gaba sun fi kuɗi, sun fi suna, kuma yaro ɗan talaka don fita daga talauci yake gudu a fili. Gaskiya ne sun fi suna. Tun Fabio Cannavaro a 2006 babu ɗan bayan da ya sake ɗaukar Ballon d'Or. Amma gurbi nawa ne a gaban? Ƙungiya ɗaya lamba tara ɗaya take sakawa, wani lokaci biyu, alhali baya mutum huɗu ne, wani zubin biyar. Idan yara ashirin a unguwa duk suka ce su ne Ahmed Musa, sha tara sun yi asarar ƙuruciyarsu a layin da ba ya tafiya. Batun kuɗi kuwa, Liverpool fam miliyan 75 ta biya a kan Virgil van Dijk, Manchester United ta biya miliyan 80 a kan Harry Maguire a 2019. Sannan ɗan baya ya fi daɗewa ana damawa da shi, domin ranar da gudu ya ragu, karatun wasa na nan. Pepe, abokin wasan Zaidu a Porto, yana da shekara 41 ya buga gasar Turai ta 2024.

Abin da ya fi muni a cikin "koma baya ka share" shi ne ya saɓa wa yadda ake ƙwallo yanzu. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. A 2019 aka halatta wa ɗan baya karɓar bugun gola a cikin da'irar gidansa. Ma'ana daga ƙafarsa wasa ke tashi. Dole ya iya tsayar da ƙwallo ana matsa masa, ya ba da ita daidai da dama da hagu, ya san lokacin shiga da lokacin jinkiri, ya riƙe layi don kama satar gida, ya yi ta magana da 'yan uwansa ba gajiya. Wannan duk koya ake yi, kuma tun yaro na ƙarami. Wanda aka rene shi a kan dukan ƙwallo sama da taka ƙafar mutane, ranar gwaji a Kaduna ko Kano minti goma ba zai yi ba za a sallame shi, komai ƙarfinsa.

Mu mutanen Kakangi ba mu da halin yin wannan ɓarna. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankin nan, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, noma ya gagara, balle wasa, yara da yawa sun girma ba wanda ya zo daga waje ya ga ƙafarsu. Sulhun da gwamnatin jiha ta ƙulla a ƙarshen 2024 ya sa mutane sun fara sa rai, muna roƙon Allah Ya ɗorar da zaman lafiya. Idan ƙofa ta buɗe ko kaɗan ce, bai kamata ta tarar da mu da 'yan gaba tuli, babu ko ɗaya da ya san tsayuwa a lamba biyar ba.

Don haka, masu horar da yara, ku daina tura wanda kuka raina baya. Ku zaɓi mai natsuwa da kaifin ido, ku ware masa lokacin koyo kamar yadda kuke ware wa mai bugun raga. Masu saka kofi lokacin hutu da bukukuwan Sallah, 'yan siyasa da 'yan kasuwa, in za ku ba wanda ya fi cin ƙwallo kyauta, ku ba gwanin baya irinta, a kira sunansa a gaban jama'a. Ku kuma 'yan kallo, in yaro ya ƙwace ƙwallo da tsafta ba tare da ƙeta ba, ku tafa masa yadda kuke tafa wa mai yanka, domin abin da manya suka yaba shi yaro ke koya.