Kafin yara su fara bin sa da ihu

Mashayin da muka sani a Maradi ko Damagaram shi ne wanda ke tangaɗi bisa titi, riga duk ƙasa, yara na bin sa da ihu. Amma kafin mutum ya kai nan, ya yi shekaru yana sha cikin gidan da kowa ya ga alama, kowa ya ja baki ya yi shiru don gudun abin kunya. A ganina, shirun nan na cikin abin da ke kai ƴan uwanmu kabari.

A garuruwanmu ba a shan giya a ƙofar gida. Ana sha a lungu, ko a sa ƴar leda cikin aljihu, a bi da goro da cingam da turare. Saboda haka mai jiran ya ji wari zai daɗe yana jira. Alamun suna wani wuri.

Dubi yawan abin da yake sha. Kwalba ɗaya ta ishe shi bara, bana sai uku, abokai na yaba masa wai kansa da ƙarfi, alhali jikin ne ya saba yake neman ƙari. Dubi alkawarinsa: ya rantse ya bari ran Juma'a, ran Litinin ya koma. Dubi aljihunsa: albashi ya ƙare tun goma ga wata, kuɗin cefane ya ragu, na lakkol ɗin yara ya gagara, bashi ya taru wurin mai kanti. Ya janye daga fada, ba a ganin sa wurin suna ko zaman makoki. Gari ya waye bai tuna abin da ya faɗa jiya ba, in an taɓo maganar ya hau faɗa. Mafi tsanani ita ce alamar safiya: hannu na rawa, gumi na zuba, zuciya na tashi, ba ya daidaita sai ya kurɓa.

Kada azumi ya ruɗe ku. Wani yakan daure wata guda, a ce ai ga shi ya bari, daren salla ya koma inda ya tsaya.

A 1984 wani likitan Amurka, John Ewing, ya wallafa tambayoyi huɗu da likitoci ke amfani da su har yau. Ka taɓa jin ya kamata ka rage? Maganar mutane kan shanka na ɓata maka rai? Ka taɓa jin nadama bayan sha? Ka taɓa buɗe safiya da giya don jiki ya natsu? Wanda ya amsa da "i" sau biyu, ya kamata ya ga likita.

Abin ba na wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6. Tana cin hanta, tana ta da hawan jini, tana kifar da ɗan kabu-kabu da wanda ya ɗauko. In aka haɗa ta da tramol, kamar yadda wasu samarinmu ke yi, numfashi na iya tsayawa.

Akwai kuskuren da iyaye ke yi da kyakkyawar niyya: a kulle shi a ɗaki, ko a sa masa mari, wai ya bari ƙarfi da yaji. Wanda jikinsa ya riga ya dogara da giya, rawar jiki kan soma masa cikin awa 6 zuwa 24. A kwana na biyu ko na uku yana iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya, ya rikice, ya dinga ganin abin da babu. Sai a ce aljanu ne, alhali yankewar giya ce, kuma tana kisa. Irin wannan a hannun likita ake raba shi da ita. A fara da CSI na unguwa ko asibitin jiha. Babban Asibitin Ƙasa na Yamai ma yana da sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Na san wani zai ce kiran abin ciwo kamar wanke mai laifi ne. Babu mai gardama kan haramcin giya. Sai dai ko haramcin nan mataki-mataki ya sauko, kuma wa'azi da magani ba kishiyoyi ba ne. Malam ya yi nasa, likita ya yi nasa.

In ka ga alamun nan ga ƙanenka, kada ka tara masa dangi, kada ka tare shi yana cikin maye. Same shi da safe, ku biyu, ka faɗa masa abin da idonka ya gani, ka ce za ka raka shi asibiti. Ke kuma baiwar Allah da ke rufa wa maigida asiri, kina biya masa bashi kina ƙarya a madadinsa, ki sanar da babba ɗaya da yake jin nauyinsa. In ya fara duka, ki kwashe yara ki tafi gida tukuna, magana ta biyo baya.