Hular Sanyi da Lissafin Kwarashi

Da zarar hunturu ya kama, hulunan sanyi na gwanjo sukan cika kasuwar Talata Mafara, matan Bakura da Maradun kuma su ɗauki zanensu mai launi-launi su mayar da shi a kwarashi. Saƙar tsinke biyu tana talewa. Ta kwarashi kuwa ta fi kauri da cin ulu, idanunta kuma sukan karkata idan ana zagayawa. Wadda ta kwaikwaya ido da ido, hularta ba za ta yi daidai da kan yaro ba, zanen kuma ya jirkice. Gwanaye sukan fara gwaji da ɗan guntu, su ƙirga, su daidaita, su binne zaren da ke jira cikin saƙar. Wannan ilimi ne. Mu daina taya aikinsu da kuɗin gwanjo.