Tafarnuwa da zogale a abincin kifi: ina ruwan lafiyarka?

Da yawa daga cikin tarwadar da kake saye a kasuwa ta kiwo ce. Idan kifi ya cunkushe a tafki, ruwa ya gurɓace, cuta takan ɓarke. Sai wasu masu kiwo su zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su oksitetrasaiklin, ba tare da shawarar likitan dabbobi ba. In aka sayar da kifin kafin maganin ya fita daga jikinsa, ragowarsa na iya ƙarewa a tukunyarka. Babban haɗarin kuma shi ne ƙwayoyin cuta su saba da maganin har su daina jinsa. A 2019 wannan matsalar ta kashe mutum kusan miliyan 1.27 a duniya.

Tun 2006 Tarayyar Turai ta haramta saka waɗannan magunguna a abincin dabbobi don ƙara girma, lamarin da ya ƙara karkatar da masu bincike ga tsirrai. Gwaje-gwaje sun nuna tafarnuwa, citta da ganyen zogale na iya ƙarfafa garkuwar jikin kifi.

Sai dai ka sani, rigakafi ne, ba su warkar da cutar da ta riga ta kama. Zogale ma in ya yi yawa yakan rage girman kifi. Tsaftar ruwa ce tushe.

Don haka ka tambayi mai kiwo: yaushe ya ba kifinsa magani na ƙarshe? In kai ne mai kiwon, tuntuɓi likitan dabbobi tukuna.