Sabon Malami, Fara Da Sanin Harshen Yaranka

A wannan mako za mu leƙa Keffi ta Jihar Nasarawa, musamman unguwar Sabon Gari, domin mu duba irin shirin da ya wajaba a kan sabon malamin da aka danƙa wa yaran aji ɗaya na firamare.

Keffi gari ne mai daɗaɗɗen suna a fagen ilmi. Kwalejin Gwamnati ta Keffi, wadda aka kafa a 1949, ta yaye manyan mutane, cikinsu har da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. To, amma kowane ɗan kwaleji daga hannun malamin aji ɗaya ya fito, kuma a nan ne aikin ya fi wuya. Kusancin garin da Abuja, da jami'ar jiha da ke cikinsa, sun jawo baƙi daga ko'ina, har ya zama a Sabon Gari ana iya samun 'ya'yan Hausawa da Fulani da Eggon da Mada da Ibo a kan benci guda. Da yawansu suna jin Hausar wasa da ta kasuwa, amma ba kowa ne yake zuwa da Turancin da zai koyi lissafi da shi ba.

Gwamnati kuwa ba ta tsaya a kan magana ɗaya ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin suke yi. A 2022 aka miƙa wannan har zuwa aji shida, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Gwamnatin Tarayya ta soke shi, ta ce a koma Turanci. Alhali kuwa gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife tun daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da su da Yarbanci shekara shida ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba.

Saboda haka, Malam, ko da wane harshe doka ta ce ka koyar, lalle ne ka san wanda yaro yake ji. A makon farko, ka tambayi iyaye harshen da ake yi a gida, ka rubuta shi a gaban sunan kowane yaro cikin littafinka. Ka zaunar da wanda ba ya jin Hausa ko Turanci kusa da ɗan'uwansa mai jin biyu, domin yaro ya fi saurin ɗauka daga bakin yaro. In za ka kawo sabuwar kalmar Turanci, ka riƙe abin a hannu, ka ambaci sunansa da harshen da suka sani tukuna. Ka tara tsakuwa da murafen kwalba domin ƙidaya, ka gajarta darasi, ka tsarma waƙa da motsa jiki. Yaron da ya yi shiru ba lalle daƙiƙi ba ne, wataƙila bai ji abin da ka ce ba, bulala kuwa ba ta fassara.

Ga hukuma kuma muna da tuni. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a 1976, yara sun cika azuzuwa fiye da yadda aka zata, aka yi ta horar da malamai cikin gaggawa. Yau ana bukatar takardar NCE kafin mutum ya koyar, amma takarda kaɗai ba ta isa ba. Muna kira ga Kwalejin Ilmi ta Akwanga da hukumar ilmin firamare ta jihar da su riƙa tura ɗalibai gwajin koyarwa a ƙananan azuzuwa masu harsuna da yawa, hedimastoci kuma su haɗa kowane sabon malami da tsohon hannu a shekararsa ta farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.