Sikila: Ba kowace takardar gwajin jini ce abin dogaro ba

Lafiyayyar jar ƙwayar jini kamar faifai take, zagayayya mai laushi, tana kuma yin kusan kwana 120 tana aiki a jiki. Ta mai amosanin jini kuwa lanƙwashewa take yi kamar lauje, ta ƙandare, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, sannan ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Daga nan ne ciwon ƙashi da ƙarancin jini suke tasowa. Likita James Herrick ne ya fara bayyana wannan siffa a rubuce a Chicago ta Amurka a 1910, amma yau Najeriya ce ta fi kowace ƙasa ɗaukar nauyin cutar, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara.

Saboda haka dokar gwaji kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Kano a 2024 ta zo a kan gaɓa. Sai dai doka takarda take nema, ita kuma takarda daga ɗakin gwaji take fitowa. Nan gizo yake saƙar.

Gwajin da ya fi araha shi ne a ɗiga wa jini wani sinadari, a duba ko ƙwayoyin za su lanƙwashe. To amma jinin mai AS yana lanƙwashewa a wannan gwaji, na mai SS ma haka, don haka ba ya bambance mai ɗauke da ƙwayar cutar da mai fama da ita. Bai kuma ganin nau'in C, alhali auren mai AC da mai AS na iya haifar da ɗa mai SC, wanda shi ma sikila ce. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, ko gwajin da ya fi inganci na iya ba shi sakamakon da ba nasa ba. Ba kuma kowace baƙuwar siffa ce sikila ba: ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda ya yawaita ga mata masu juna biyu, yana sa ƙwayoyin su ƙanƙance su koɗe.

Kuskure a nan ba ƙarami ba ne. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma lissafin sabo ne ga kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba, kamar yadda wasu ke zato.

Wajibi ne hukumomin lafiya su tantance ɗakunan gwajin da aka yarda su ba da takardar aure, su tilasta amfani da gwajin da ke rarrabe nau'o'in jinin dalla-dalla, su kuma sassauta kuɗinsa. Iyaye su ma su daina jira sai an sa rana an kai lefe. A yi gwajin tun ana neman izinin zance, a kuma maimaita shi a wani asibiti na daban.