Kuɗin da muke aikawa gida, a tuna da ciyawa

Jama'a, duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ta Oko-Oba a Agege, ko ta Akinyele a Badun, ana saura mako guda Babbar Salla, ya san yadda ɗaurin harawa yake zama kamar zinariya. Ragon da aka yi wata uku ana kiwatawa a Arewa sai ya rame cikin kwana goma a Ikko, don mai shi ya kasa ciyar da shi.

Tun da gwamnonin Kudu suka taru a Asaba cikin watan Mayu na 2021 suka yanke shawarar hana yawon kiwo, Jihar Legas kuma ta mai da wannan doka a shekarar nan, al'amarin ya sake. Dabba ba ta zuwa wurin ciyawa, ciyawa ce za ta zo wurin dabba. Ke nan wajibi ne a noma ciyawa kamar yadda ake noma hatsi. Gamba da lablab da waken harawa duk sun cancanci gona, kuma ma'aikatar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana aiki a kansu.

Wata dabara da ya kamata mu kai wa 'yan'uwanmu ita ce feshin taki a ganye. Tsiro yana iya shan abinci ta ganyensa, kuma da sauri. Ga ciyawa irin gamba, akan narkar da takin yuriya giram 10 zuwa 20 cikin kowace lita ta ruwa, a fesa bayan an yanka ta sake tohowa. Ganye yakan ƙara kauri da kore, abin da ke gina jikin dabba kuma ya ƙaru. Wake da gyaɗa kuwa suna samo irin wannan sinadari da kansu ta saiwa. Abin da sukan rasa shi ne ƙananan sinadarai kamar na ƙarfe da zink, waɗanda feshi yake saurin magancewa idan ganye ya yi rawaya.

Amma fa a yi hattara. Feshi ƙari ne kawai, ba ya maye gurbin takin gargajiya ko na buhu. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya ce maka kwalba guda ta isar maka ba sai ka sa taki a ƙasa ba, kuɗinka yake nema. A yi feshin da sassafe ko da yamma, domin rana tsaka ganye ƙonewa yake. Kada a wuce ma'auni. A wanke famfon feshi sarai idan an taɓa zuba maganin ciyawa a ciki. Kada kuma a saki dabbobi a gonar nan take, kuma a ɓoye buhun yuriya, don yana kashe dabbar da ta ci shi da yawa.

Muna kira ga Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, wadda aka kafa a 2024, ta tura malaman gona ƙauyuka su nuna wannan aiki a fili. Mu kuma mazauna Kudu, in mun tashi aika kuɗin damina, mu ware na eka guda ta ciyawa. Riba ce za ta dawo mana a kara.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.